Mako Gudan da Jiki Yake Nema Kafin Ya Gane Abokin Gaba

Manomi yana cikin sharar gona, ƙayar aduwa ta ratsa silifas ta shige masa tafin ƙafa. Ya tsuguna ya zare ta, ya matse ɗan jini, ya goge da gefen riga, ya ci gaba da aiki. A wurinsa magana ta ƙare. A cikin naman ƙafar kuwa yanzu aka fara, domin ƙayar ba ita kaɗai ta shiga ba. Ta tura ƙwayoyin bakteriya na ƙasa da na fatarsa zuwa wuri mai ɗumi, mai laima, mai abinci.

Wasu bakteriya, idan sun samu yadda suke so, kowace ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. A haka, cikin awa 7 ƙwaya ɗaya tak ta haura miliyan biyu. Jiki kuma, in bai taɓa haɗuwa da irin wannan ƙwayar ba, yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya ƙera makamin da ya dace da ita daidai. A wannan tazarar gizo yake saƙar. Kumburi da zazzaɓi da mugunya duk dabarun riƙe abokin gaba ne kafin makon ya cika. Allurar rigakafi da nonon uwa kuma hanyoyi ne na gajarta makon ko tsallake shi gaba ɗaya. Wanda ya riƙe wannan lissafin zai gane dalilin kusan duk abin da ake gaya masa a asibiti.

Ganuwa da ƙofofinta

Yawancin ƙwayoyin cuta ba sa ma samun shiga. Saman fata matattun ƙwayoyi ne da suka jeru kamar tubali, busassu, masu ɗan tsami da gishiri, kuma suna zubewa a hankali tare da duk abin da ya manne musu. Hawaye da yawu suna ɗauke da wani sinadari mai fasa bangon bakteriya, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, shekaru kafin ya gano fenisilin. Ruwan tumbi yana da tsamin da yake kashe mafi yawan abin da muka haɗiye. Fitsari yana wanke hanyarsa.

Hanci da maƙogwaro su suka fi shan aiki. Majina tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, sannan wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani suna ta kaɗa ta sama zuwa maƙoshi, dare da rana, a haɗiye ta ba tare da mutum ya sani ba. Hayaƙin taba da na itacen girki a rufaffen ɗaki suna kashe kuzarin waɗannan gashin. Iskar hunturu da ƙurar bazara kuma suna busar da fatar cikin hanci har ta tsattsage. Ƙwayar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma ba tare da ta yi masa komai ba. Idan ganuwar ta tsage sai ta samu hanya zuwa jini, daga nan zuwa rufin ƙwaƙwalwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa annobar sanƙarau take tashi tsakanin Disamba da Yuni a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ta kuma lafa da faɗuwar damina. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa.

Akwai kuma masu gadi da ba namu ba ne. Hanji da fata da gaban mace cike suke da bakteriya marasa cutarwa, waɗanda suka cika wurin har baƙuwar ƙwaya ta rasa inda za ta zauna. Mai shan kafso duk lokacin da mura ta kama shi yana kashe waɗannan ne, alhali mura bairos ke kawo ta, kuma kafso ba ya taɓa bairos. Haka matar da take wanke cikin gabanta da sabulu ko take cusa haɗe-haɗe: tana kore bakteriyar da ke riƙe tsamin wurin, sai ƙaiƙayi da fitar ruwa su biyo baya.

Ƙofofin da suka fi tayar mini da hankali su ne waɗanda hannunmu yake buɗewa a jikin jariri. Cibiyar da aka yanke da tsohuwar reza, ko aka shafa mata toka ko man goge baki, hanya ce kai tsaye zuwa jini. Abin da ake so a shafa shi ne man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, da hannu wankakke, kullum har cibiyar ta faɗi. Cire belu da tsaga da askar da ta taɓa wani jikin suna iya shigar da tetanus, cutar da take sandarar da jiki, da ciwon hanta nau'in B ga yaron da garkuwarsa ba ta ko tsaya da ƙafarta ba.

Awannin farko a cikin ƙafar

Mu koma ga mai ƙaya. A ƙarƙashin fatarsa akwai wasu manyan ƙwayoyi da suke zaune suna jira, ana kiran su makrofaj, ma'ana manyan macinya. Ba su san sunan baƙuwar ƙwayar ba, amma sun san cewa bangonta ba irin na jikin mutum ba ne. Sai su lulluɓe ta su haɗiye, su narkar da ita a cikinsu. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, shi ya fara ganin haka a 1882, lokacin da ya soka ƙaya a jikin wata ƙaramar halittar teku mai haske kamar gilashi, washegari ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi.

Macinyan suna ci suna yin kururuwa da sinadarai. Ƙananan jijiyoyin jinin wurin sai su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ja ya ɗauki zafi. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwa ya tsiyayo cikin nama, ga kumburi. Jijiyoyin jin ciwo su ƙara kaifi, ga zogi, wanda yake tilasta wa mutum ya daina taka ƙafar. A cikin ruwan da ya tsiyayo akwai wasu sinadarai fiye da 30, yawancinsu hanta ke yin su, da suke aiki bi da bi: wasu su shafa wa bakteriya alama don macinya su gan ta, wasu su huda mata bango ta fashe.

Sai rundunar gaggawa ta iso, wato niyutrofil, waɗanda su ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyin jini. Ɓargo yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu a kowace rana. Suna yawo cikin jini, da sun zo inda bangon jijiya ya yi danƙo sai su manne, su kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon, su bi warin sinadari har wurin raunin. Suna ci, suna zuba guba, suna mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mugunyar da take fita daga maruru gawarwakinsu ce, haɗe da matattun bakteriya da ruɓaɓɓen nama.

Maruru kansa dabara ce. Jiki ya gina katanga ya killace yaƙin a wuri ɗaya. Matsalar ita ce magani ma ba ya ratsa katangar sosai, shi ya sa babban maruru ba ya jin kafso sai an tsaga shi a asibiti an fitar da abin da ke ciki. Ƙarami kuwa, a riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, har ya nuna ya fashe da kansa. Matse ɗanyen maruru yana fasa katangar ta ciki, ya tura ƙwayoyin cikin nama. Wanda ya fito tsakanin hanci da leɓen sama kada a taɓa shi ko kaɗan, domin jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Idan aka ga jan layi yana hawa daga rauni zuwa cinya ko hammata, ko kumburin yana faɗaɗa cikin awanni, katangar ta gaza, sai asibiti.

Ga wani abu da ya kamata mai karɓar sakamakon gwajin jini ya sani. Adadin da aka saba rubutawa na fararen ƙwayoyi shi ne 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini. Amma mutanen Afirka ta Yamma da yawa suna da niyutrofil ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Halitta ce da take tafiya tare da wani nau'in jini da yake kare su daga ɗaya daga cikin ire-iren zazzaɓin cizon sauro. Lamba ita kaɗai ba ta isa a ce garkuwar mutum ta yi rauni ba, sai likita ya haɗa da yanayin jikinsa.

Zazzaɓi

Idan sinadaran kururuwar nan suka yi yawa har suka kai ƙwaƙwalwa, sai ta ɗaga ma'aunin zafin jiki daga digiri 37 zuwa 38, 39 ko sama. Jiki sai ya ji kamar sanyi ake yi, mutum ya kama rawar ɗari yana neman bargo, domin karkarwa tana haifar da zafi. Da ma'aunin ya sauko sai gumi ya karyo. Zafin yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyi da dama, yana kuma ƙara wa fararen ƙwayoyi kuzari. Kasala da rashin son abinci ma suna cikin shirin, don a tara ƙarfi wuri ɗaya.

Saboda haka saukar da zazzaɓi ba warkar da cuta ba ne. Farasitamol yana sa yaro ya samu sauƙi ya sha nono ya yi barci, kuma wannan abu ne mai kyau, amma abin da ya kawo zazzaɓin yana nan. Ƙa'idarsa miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yaro mai kilo 10, cokalin magani ɗaya na mililita 5 ya ishe shi, idan ruwan maganin mai miligiram 120 ne a cokali. Asfirin ba na yara ba ne. A ƙasar da sauro yake, duk zazzaɓi yana buƙatar gwajin jinin yatsa na zazzaɓin cizon sauro cikin kwana ɗaya. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da zafinsa ya kai 38 babu jira, babu kemis, domin a wannan shekarun ƙwaya takan bazu cikin jini kafin a ga wata alama. Idan zafi ya sa yaro jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti.

Abin da kaluluwa take yi

Bayan kwana biyu ko uku, mai ƙaya zai ji wani ƙullutu mai ciwo a matsematsinsa. Kaluluwa ke nan, kuma a nan ake babban aikin. Jikin mutum yana da irin waɗannan ƙulluttukan guda ɗaruruwa, a wuya, hammata, matsematsi, ƙirji da ciki, kowanne yana tace ruwan da yake dawowa daga yankinsa.

Wasu ƙwayoyi 'yan rahoto suna tsintar gutsattsarin bakteriyar daga wurin rauni, su bi wannan ruwan zuwa kaluluwa mafi kusa, su riƙa nuna abin da suka ɗauko. Waɗanda ake nuna wa su ne wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, masu iri biyu: T da B. Abin mamaki a nan shi ne jiki bai jira ganin cuta ba kafin ya shirya. Tun farko yana ƙera limfosait barkatai, kowace da siffar mabuɗinta daban, kamar maƙerin da ya tara miliyoyin makullai bai san kwaɗon da za a kawo masa ba. Wani masani ɗan Japan, Susumu Tonegawa, ya samu kyautar Nobel a 1987 saboda gano yadda ake cakuɗa ƙwayoyin gado don samar da wannan yawan. Waɗanda mabuɗinsu zai iya buɗe jikin mutum kansa, ana kashe yawancinsu tun suna ƙanana, na T a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, na B a ɓargo.

To, cikin wannan taron, waɗanda suka dace da baƙuwar ƙwayar ƙalilan ne ƙwarai. Sai an nemo su, sannan su yi ta rabuwa sau biyu ko uku a rana har su zama runduna. Wannan neman da wannan hayayyafar su ne suke cin makon, su ne kuma suke kumbura kaluluwa. Ciwonta alamar aiki ce, kuma takan sauka cikin mako biyu zuwa uku. Wadda ta wuce wata ɗaya, ko mai tauri marar ciwo, ko wadda take tare da rama da gumin dare, ita ce abar dubawa, domin tarin fuka da sankarar jini suna iya zuwa a haka.

Rundunar tana rabuwa aiki. T masu alamar CD4 su ne masu ba da umarni: su suke zuga macinya, su suke ba B izinin fara aiki. T masu alamar CD8 suna bin ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga ya ɓuya a cikinsu, su kashe su tare da shi. B kuma suna rikiɗa su zama masana'antar antibodi, kowace tana zubo dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Antibodi ɗan ƙaramin sinadari ne mai kama da gwafa, bakinsa biyu suna kama ƙwayar da aka ƙera shi dominta kaɗai. Yana toshe wa bairos hanyar shiga, yana ɗaure guba, yana dunƙule bakteriya wuri ɗaya don macinya su kwashe.

Da an ci yaƙi, mafi yawan rundunar sai ta mutu. Kaɗan suke saura, kuma waɗannan su ne dukiyar. Idan ƙwayar ta dawo, ba a sake neman mabuɗi. Cikin kwana biyu zuwa uku an gama da ita, sau da yawa mutum bai ma san ta zo ba. A 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro da ke arewacin Turai, bayan shekara 65 rabonta da wurin. Likitan da aka aika, Peter Panum, ya tarar ta kama yawancin mutanen tsibiran, amma tsofaffin da suka yi ta a 1781 ba ta taɓa su ba.

Rigakafi da aron makami

Allurar rigakafi nuna wa kaluluwa hoton ɓarawo ne kafin ya zo. Ana ba jiki ƙwayar da aka raunana, ko aka kashe, ko wani ɓangarenta, ko gubarta da aka cire wa dafi, sai ya yi makonsa na nema a lokacin da babu wanda yake hayayyafa a cikinsa. Ɗan zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu bayan allura su ne irin matakan da aka bayyana a sama, a ƙaramin sikeli.

Maimaitawar tana da dalili. Allurar farko tana nemo masu mabuɗi, ta biyu da ta uku suna ƙara yawansu suna kuma tace su, domin duk zagaye waɗanda suka fi kama ƙwayar da kyau su ake bari. Shi ya sa ake yi wa jariri allurar penta, mai kariya daga cututtuka biyar, a mako 6, 10 da 14 da haihuwa, kuma yaron da aka yi wa ɗaya aka daina aikinsa bai kammala ba. Mashaƙo, wanda ya ɓarke tun ƙarshen 2022 ya fi tsanani a Kano, guba yake kisa da ita, gubar da take toshe maƙogwaro ta kuma taɓa zuciya kafin jiki ya gama shiri. Yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba. Ɗigon shan inna da iyaye suke tambayar me ya sa ake ta maimaita shi, a hanji yake aiki, kuma hanjin yaron da yake yawan gudawa ba ya kama shi da kyau a karo ɗaya ko biyu. Da wannan nacin aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a Agustan 2020.

Tetanus kuwa, wanda shi ne babban haɗarin mai ƙaya, gubarsa tana da ƙarfin da ɗan abin da zai kashe mutum bai kai yawan da garkuwa za ta koya daga gare shi ba. Wanda ya yi cutar ya tsira ma sai an yi masa allura. Ƙwayar tana son rauni mai zurfi, mai datti, inda iska ba ta shiga, don haka wanke rauni da sabulu da ruwa mai yawa a cire duk abin da ya maƙale shi ne mataki na farko, a bar cusa ƙasa ko toka.

Wani lokaci babu halin jira, sai a ari makami. Jariri yana zuwa duniya da antibodin uwarsa, waɗanda suka ratsa ta mahaifa, yawancinsu a watanni ukun ƙarshe. Shi ya sa bakwaini ya fi saurin kamuwa, shi ya sa kuma allurar tetanus da aka yi wa mai ciki take kare cibiyar ɗanta. Dakashi, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar a wasu gidaje ana cewa ba shi da kyau, shi ne ya fi kowane nono yawan antibodin da suke shafe hanjin jariri kamar fenti. A sa jariri a nono cikin awar farko. Aron uwa yana ƙarewa a hankali cikin watanni, kuma muddin yana nan yana iya kashe allurar ƙyanda kafin ta yi aiki. Wannan ya sa ake jira sai wata 9. A wannan lokacin ma kusan yara 15 cikin 100 ba ta kama su, sai allura ta biyu a wata 15 ta cike giɓin.

Maganin dafin maciji da ake yi wa wanda kububuwa ta sara, irin wanda ake bayarwa a asibitin Kaltungo, shi ma aro ne: antibodin doki ko tunkiya da aka saba musu da dafin. Yana aiki nan take, amma ba ya barin tuni a jiki. Cizon mahaukacin kare kuma shi ne inda allura take cin tsere bayan ƙwaya ta riga ta shiga, domin bairos ɗin yana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, sau da yawa wata ɗaya zuwa uku. A wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 cur, a fara allura a ranar. Da alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Inda lissafin yake rushewa

Zazzaɓin cizon sauro yana wasa da tunin jiki. Ƙwayarsa tana da kusan riguna 60 da take sauyawa, kafin a gama ƙera mabuɗin ɗaya ta sa wata. Sai bayan shekaru na kamuwa a kai a kai mutum yake samun kariya, ita ma rabi-rabi, kuma tana raguwa ga wanda ya daɗe a ƙasar da babu cutar. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu cikin fari su suke a fili, shi ya sa ake ba yara maganin kariya wata-wata da damina, masu ciki kuma a wurin awo.

Ƙyanda ta fi wannan muni, kuma ina ganin ba a ba ta girman da ya kamata. Ƙwayoyin tuni su take shiga ta kashe. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan yaran Holan da ba a yi wa rigakafi ba ya nuna cewa bayan ƙyanda sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara. Yaro ya warke, ƙuraje sun bushe, gida an yi hamdala, sai bayan wata biyu gudawa ko ciwon haƙarƙari ya ɗauke shi, ba wanda zai danganta da baƙon dauro. Cutar noma mai cin dasashi da kumatu, wadda ake jinyarta a asibiti na musamman a Sakkwato, sau da yawa a bayan ƙyanda da yunwa take zuwa. Yaron da ya yi ƙyanda yana buƙatar bitamin A kwana biyu a jere, da nono da abinci ba ƙaƙƙautawa, da sa ido na watanni. Kulle shi a ɗaki a hana shi abinci mai gina jiki ƙara wa Barno dawaki ne a ɓangaren cutar.

Antibodi da fararen ƙwayoyi daga abinci ake gina su. Yaro mai tamowa, wanda awon damtsensa ya gaza santimita 11.5, fatarsa da hanjinsa sun yi siriri, kuma yana iya ɗauke da mummunar cuta jikinsa bai yi zafi ba, wani lokaci ma sanyi zai yi. Saboda haka ake ba irin waɗannan yaran maganin kashe bakteriya ko da ba a ga alama ba. Mai sikila kuma saifarsa ce take lalacewa tun yana ƙarami, ita ce kuwa take tace jini daga bakteriya masu sulɓin kwanso irin na ciwon haƙarƙari da sanƙarau. Zazzaɓi a jikinsa maganar gaggawa ce. Ƙanjamau masu ba da umarni yake kashewa: daga CD4 500 zuwa 1,500 a kowace maikirolita ta jinin lafiyayyen mutum, idan suka faɗi ƙasa da 200 sai cututtukan da ba sa iya komai a da su samu dama, kuma shan magani kullum yana dawo da adadin. Sukari mai yawa a jini yana sa niyutrofil nawa, ga dalilin gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Sannan akwai wanda mutane suke saye da kuɗinsu: ƙwayoyin ƙiba irin su dezametason, da mayukan bilicin masu irin wannan sinadarin. Aikinsu na asali shi ne danne garkuwa. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.

Akwai kuma lokacin da garkuwar ce take wuce gona da iri. Ciwon maƙogwaro na bakteriya da ba a yi wa yaro magani ba yana iya sa antibodi su rikita ƙwayar da ƙofofin zuciyarsa, bayan mako biyu zuwa uku gaɓoɓi su kumbura, bayan shekaru zuciya ta kasa. Mafi gaggawa shi ne idan ƙwaya ta cika jini, kumburin da ya kamata ya tsaya a tafin ƙafa ya kama jiki duka. Jijiyoyi su buɗe ko'ina, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda da huhu su fara gazawa. Alamunsa numfashi da sauri, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da mutum, hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ɗauke, jariri ya ƙi kama nono. Mai jego da ta fara zazzaɓi da wari a jinin biƙi tana cikin wannan sahun. A nan ba a lissafi da kwanaki. Abin da ake buƙata shi ne ƙarin ruwa da allurar kashe bakteriya ta jijiya cikin awannin farko, kuma a asibiti kaɗai ake samun su.